Asibiti: a bar wa gwamnati ko a bar wa 'yan kasuwa? Tambayar wani tela

Tela na Kasuwar Barci:

Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne a Kaduna, shagona yana Kasuwar Barci, gidana kuma a Tudun Wada. Iyakar karatuna sakandare, don haka a yi mini afuwa idan na yi tambayar da masu ilimi suka daɗe da wucewa.

Yau wata biyu ke nan, daren wata Laraba, naƙuda ta kama mai ɗakina. Haihuwa ta huɗu ce, ukun farko lafiya lau, biyu ma a gida aka yi su. Awo kuwa ba ta taɓa fashi ba, katinta cike yake da sa hannu. Muka isa wani asibitin gwamnati wajen ƙarfe sha ɗaya. Ungozoma ta duba ta, ta sake dubawa, ta fito ta ce mini ɗan ya zo a gicciye, sai an yi aiki. Likita ɗaya ne a bakin aiki, yana ɗakin tiyata da wata, ga wata kuma tana jira a gabanmu. Aka miƙo mini takarda: safar hannu, zaren ɗinki, ruwa leda shida, allurai, auduga, robar fitsari. Jini kuma leda biyu, in kawo mutum biyu su bayar. Sha biyun dare, ina zan samo mutum biyu? Ni da nake sayen zare kullum ta Allah, ban taɓa sanin akwai zaren da ƙwaya ɗaya ta kusa kuɗin ɗinkin wando ba sai a daren nan.

Ina tsaye da takarda a hannu sai wata nas ta ja ni gefe, ta ce in dai ina da hali kada in jira layi. Muka saka ta a Keke Napep zuwa wani asibitin kuɗi. Wuri tsaf, ga wuta, ga fanka, likita ya fito cikin minti goma. Amma kalmar farko da aka gaya mini ita ce a ajiye dubu 250 kafin a shiga da ita. Dubu 60 gare ni duk duniya. Na tashi wani abokina mai sayar da tsofaffin kekunan ɗinki daga barci, ya turo mini dubu 200 a bakin keken surfanina, wanda nake aikin wuya da shi. Aka yi aiki, aka ciro namiji, uwa da ɗa suna lafiya, alhamdu lillahi. Ranar sallama lissafi ya tsaya a dubu 410. Keke ya tafi.

Ranar suna aka kaure da gardama a ƙofar gida. Ƙanena da ya karanta tattalin arziki a Zariya ya ce gwamnati ta cire hannunta daga asibiti gaba ɗaya. Ya kawo misalin waya: zamanin NITEL sai mai uwa a gindin murhu ke samun layi, da aka saki kamfanoni a 2001 layi ya fara da tsada, yau ga shi har mai tallan gyaɗa tana da lamba. Kawunmu kuwa ya ce wannan zancen yara ne, gwamnati ta karɓe komai kamar yadda ya gani a Saudiyya da ya je Hajji, aka yi masa magani ko sisi bai biya ba.

Ni dai abu ɗaya na lura. In mutum ya zo shagona na ce ɗinki dubu takwas, yana iya cewa ya yi tsada, ya naɗe yadinsa ya tafi layin gaba. A daren nan ko tayawa ban yi ba. Da sun ce miliyan, da gida zan nemi mai saye. To wace irin kasuwa ce wadda mai saye ba ya iya cewa albarka? A ɗaya gefen kuma, wace irin gwamnati ce wadda sai ka zo mata da safar hannu? Masu sani, wanne ne daidai a cikin biyun?

Nas mai ritaya, Unguwar Rimi:

Wa alaikumus salam ɗana. Barka da arziki, Allah Ya raya yaro, Ya ba mai jego lafiya, Ya mayar maka da abin da ya fi keken.

Na fara aikin jinya a 1979, na yi shekara 35 na ajiye. Da muka fara, mai jinya ba ya zuwa da komai sai tabarma da buta. Magani daga sito yake fitowa, abinci sau uku daga kicin, zanin gado a kwashe a kai wanki a kawo wani. Kawunka bai yi ƙarya ba, mu ma mun taɓa yin irin wannan a nan Kaduna. Sai dai a faɗi gaskiya duka: kuɗin man fetur ne, jama'a ba su kai rabin na yanzu ba, kuma mutanen ƙauye da yawa ba su ma zuwa asibiti sai rai ya kai maƙogwaro.

Da farashin mai ya faɗi, aka shigo da SAP, shirin tsuke bakin aljihun gwamnati, a 1986 zamanin Babangida, naira ta karye, sito ya bushe. A nan muka koyi rubuta haruffa biyu a gefen takardar magani, O da S, wato ya ƙare, je ka nema a waje. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako ta ƙasar Mali tare da WHO da UNICEF, aka ce a riƙa sayar da magani a asibiti ana juya kuɗin, don kada sito ya zauna wayam. Niyyar mai kyau ce. Amma daga nan ne ciniki ya shigo ya shimfiɗa tabarma a cikin asibitin gwamnati, yau kati, gobe kuɗin gado, jibi kuɗin gwaji. An ɗan samu sa'ida lokacin magungunan PTF, asusun rarar kuɗin man fetur, ita ma ta wuce. Saboda haka abin da ka gani a daren nan ba gwamnati da kasuwa ba ne. Kasuwa biyu ka gani, ɗaya mai layi, ɗaya mai fanka.

Ba zan wanke mu ba. Nas ɗin da ta ja ka gefe, mai yiwuwa tausayi ne, mai yiwuwa kuma tana da la'adarta a can. Na ga iri biyun da idona. Na kuma ga likitan da zai ce wa majinyaci babu ranar aiki sai bayan wata uku, da yamma ka same shi a nasa asibitin yana yin aikin nan ɗin a take. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, albashi ba ya isa, mai sa ido kuma babu.

Amma ka gaya wa ƙanenka ya ba ni amsar wannan. Wane ɗan kasuwa ne zai ɗauki akwatin ƙanƙara ya bi gida gida yana ɗiga wa yaro maganin shan inna, ana zaginsa, ana rufe masa ƙofa? Shekara da shekaru aka yi ana wannan wahala kafin a tabbatar a 2020 cewa cutar ta asali ta bar ƙasar nan. Maganin tarin fuka na wata shida, wa ke bayarwa kyauta? In amai da gudawa ya ɓarke a unguwa, wa ke kafa tanti? Babu riba a ciki, don haka babu mai zuwa sai gwamnati. Sannan idan aiki ya ɓaci a ƙaramin asibitin kuɗi, jini ya ƙi tsayawa ko jijjiga ta kama mace, ina ake nufa da ita? Asibitin gwamnati na Barau Dikko, wanda mu tsofaffi har yanzu Nasin Hom muke ce masa, ko kuma a kama hanyar asibitin koyarwa na Shika a Zariya. Likitan da ya ciro maka ɗanka ma, in ka bincika, da wuya in ba jami'ar gwamnati ce ta koyar da shi ba, a kan majinyatan asibitin gwamnati ya koyi riƙe wuƙa.

Abu biyu ka riƙe saboda gaba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ƙin taɓa wanda ke cikin halin gaggawa. Kuma a Nuwamba 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, a asibitocin da aka sa cikin shirin. Na san ƙarfe ɗayan dare ba lokacin karanta wa mai karɓar kuɗi doka ba ne. Shi ya sa nake ce wa mata tun ranar awon farko su tambaya, in abu ya zo da gardama ina za a kai ni, kuma nawa ne.

Mai kemis a Rigasa:

Mama, da girmamawa, kin faɗi gaskiya a kan rigakafi, ba ni da ja. Amma a bar ni in yi magana a madadin kasuwar da ake zagi, don ni a cikinta nake kwana.

A layinmu, kafin mutum goma su je asibiti, tara sun fara biyowa ta wurina. Ba don na fi likita sani ba, Allah Ya kiyaye. Don ina buɗe har sha ɗayan dare, ba yankar kati, ba kuɗin mota, kuma ina da littafin bashi. In likitoci sun shiga yajin aiki, sati biyu, wata guda, wa ke riƙe da unguwa? Mu ne da ƙananan asibitocin kuɗin nan.

Ga yadda cinikin yake. Mutum zai shigo jiki na rawa, ya ajiye ɗari biyar ya ce a haɗa masa na zazzaɓi. Maganin maleriya na babba ƙwaya 24 ne, huɗu safe huɗu yamma, kwana uku. Kuɗinsa bai kai ba. Ko in ba shi bashi, ko in ba shi na kashe zafi ya tafi ya dawo jibi a rirriƙe. Wani kuma zai saya cikakke, ya sha kwana biyu ya ji dama, ya ɓoye sauran ya ce na yaro ne in ya kwanta. Wannan ba laifin kasuwa ba ne, talauci ne.

Tsadar da ake kuka da ita kuwa ba mu muka ƙirƙira ba. Kafin Yuni 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Yawancin magani daga waje yake, wanda ake haɗawa a nan ma sinadarinsa daga waje ne. A Agusta 2023 kamfanin magani na GSK ya sanar da daina gudanar da harkarsa kai tsaye a Nijeriya, abin shaƙar masu asma da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta suka yi tashin gwauron zabo. Me ya ceci mutane? Irinsu da ake yi a Indiya da na kamfanonin gida, sinadari ɗaya, suna daban, kuɗi ƙasa. Wannan ita ce gasar da ƙanen Tela yake faɗa. Da ofis ɗaya ne ke shigo da magani duk ƙasar nan, da yanzu sai mai ɗan'uwa a ma'aikata ke shan farasitamol. Dubi wuraren hoton ciki da gwajin jini da suka kewaye manyan asibitoci, kowa na rage wa ɗan'uwansa farashi, sakamako a rana ɗaya.

Ɓata-gari akwai su a cikinmu, ba na musu. Lasisinmu bai ba mu damar yin allura ko ƙarin ruwa ba, amma akwai masu labule a bayan kanta suna yi. Jabun magani yana nan. Wannan aikin NAFDAC ne da hukumar masu harhaɗa magunguna, su kama, su rufe. Ni a ganina gwamnati ta zama alƙalin wasa, kada ta riƙe usur kuma ta ce ita za ta buga ƙwallo. Maganar tiyatar tsakar dare kam, Malam Tela, wanda ya faɗa rijiya ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. A nan ban da amsa.

Ɗan Kawo a Landan:

Yaya Tela barka. Ni ma matata aiki aka yi mata a nan bara, shi ya sa labarinka ya taɓa ni. Mun shiga, an yi, mun kwana biyu, mun fito, babu wanda ya tambaye ni ko kwabo. Har gida ungozoma ta riƙa zuwa duba ta.

Amma kada kowa ya ce kyauta ne. Ina aikin kula da tsofaffi, kuma duk wata kafin albashi ya shigo hannuna an riga an yanke haraji da kuɗin inshorar ƙasa, wajen kashi ɗaya cikin biyar. Ko na yi ciwo ko ban yi ba. Tsarin, NHS suke ce masa, ya fara ne ranar 5 ga Yuli 1948, a hannun wani minista Aneurin Bevan, ɗan mai haƙar kwal, lokacin ƙasar ba ta gama farfaɗowa daga yaƙin duniya ba. Ciwonsa kuma layi ne. A 2023 jerin masu jiran aiki a Ingila ya haura miliyan 7. In abin gaggawa ne za a yi maka yanzu, in gwiwa ce ko ƙaba, sai ka yi haƙuri. Akwai wadda muke aiki tare, ta fi shekara tana ɗingishi tana jiran a kira ta. Masu hali a nan ma asibitin kuɗi suke tsallakewa.

Amurka ce ake kawowa a matsayin gidan kasuwa. Suna kashe wajen kashi 17 cikin 100 na duk arzikin da ƙasar ke samarwa a kan lafiya, fiye da kowace ƙasa mai arziki, kuma duk da haka mutanen Ingila sun fi su tsawon rai. Mai inshora mai kyau yana samun aiki da wuri da sabbin magunguna, marar ita kuwa ciwo ɗaya na iya cinye masa gida, kamar dai yadda ya ci maka keke. Kuma can ɗin ma ba kasuwa zalla ba ce: tun 1965 gwamnati ke biya wa 'yan shekara 65 zuwa sama da marasa ƙarfi, Obama ya faɗaɗa abin a 2010. Jamus kuwa tun 1883 zamanin Bismarck suka bi hanya ta uku, ma'aikaci da ubangidansa su zuba a asusu dole, asibiti kuma na kowa ne, na gwamnati, na coci, na 'yan kasuwa.

Shi ya sa nake ganin ƙanenka da kawunka duk a kan mai ginin suke faɗa, alhali ba nan gizo ke saƙa ba. Likitocin unguwa da muke fara gani a nan, yawancinsu masu zaman kansu ne, kwangila suke da gwamnati. Tambayar ita ce yaushe ake biya, kuma aljihun wa. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya daga aljihun majinyaci yake fita, ranar da ya kwanta. Wato mun fi Amurka zama kasuwa nesa ba kusa ba, ƙanenka ya riga ya samu abin da yake nema bai sani ba.

Kawu kuma a tambaye shi da ladabi: Saudiyya man fetur ɗinta ya ninka namu, mutanenta kuma ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na namu ba. Mu da me za mu biya? Kai kanka Yaya Tela, kada ka ji haushi, nawa ka biya haraji bara?

Tela na Kasuwar Barci:

Ban ji haushi ba ƙanena, amma ka daɗe ba ka zo gida ba. Kuɗin shago, kuɗin shara, kuɗin allon suna, mai rasit da marar rasit, duk ina biya. Yadi, zare, man janareta, katin waya, kowanne akwai harajin a ciki. Kai an yanke maka ka ga ungozoma a ƙofar gida. Ni an yanke mini an miƙo mini takardar safar hannu. In na ga inda kuɗin ke zuwa, wallahi a ƙara.

Ma'aikaci daga Malali:

Salamu alaikum. Ni ina cikin tsarin da Ɗan Kawo yake nufi, na biya tun kafin ciwo, don haka bari in faɗi yadda yake daga ciki.

Inshorar lafiya ta ƙasa an yi dokarta a 1999, ta fara aiki a 2005 zamanin Obasanjo, da ma'aikatan tarayya aka fara. A 2022 Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, NHIS ta koma NHIA, aka ce inshora ta zama wajibi a kan kowa. Katin ma'aikaci yana ɗaukar shi kansa, da mata ɗaya, da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, ƙari a kan haka sai ka biya daban. Ni kuwa mata biyu gare ni da 'ya'ya tara. Ranar cike fom na fi awa ɗaya da biro a hannu, don duk sunan da na rubuta sai na yi bayaninsa a gida. Na raba biyu biyu, na biya wa amarya nata daban, aka zauna lafiya.

Amfaninsa na gani. 'Yata ta biyu cikinta ya murɗa da dare, aka ce afendis ne, aka yi aiki. Abin da ya fita daga aljihuna kashi 10 cikin 100 ne na kuɗin magani, sai abincin mai jinya. Da ba don kati ba, da babur ɗina ya bi keken Tela.

Wahalarsa ma na sha. Yadda abin yake, ana ba asibitin da ka zaɓa wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane kai duk wata, ko ka zo ko ba ka zo ba. Shekara da shekaru naira 750 ne, sai baya-bayan nan aka ƙara. To asibitin da aka ba 750 ya ga mai kati da mai tsabar kuɗi a benci ɗaya, wa kake jin zai fara kira? Sau da yawa a ce maganin babu a ɓangaren inshora, amma akwai a tagar gaba. In aikin babba ne kuma sai an nemi lambar izini daga kamfanin da ke tsakani. Na taɓa wuni a wani asibiti daga safe har la'asar ana ce mini lamba ba ta zo ba, na kira kamfanin waya na ta ringi babu mai ɗauka. Ka ga ga gwamnati ga 'yan kasuwa a tukunya ɗaya, kowa na tura wa ɗan'uwansa laifi.

Tela, ba sai ma'aikaci ba. Jihar Kaduna ta yi dokar tata hukumar a 2018, KADCHMA, kuma masu sana'ar hannu suna iya shiga su biya na shekara. Ka lura ba a sa mata suna inshora ba, taimakekeniya ake cewa, haka ma a Kano. Da gangan ne, saboda malamai da yawa suna da magana a kan inshorar kasuwanci, amma ba su da ja a kan jama'a su haɗa kuɗi don wanda ya faɗi a cikinsu. Adashe ne, sai dai kwasar ba ta bin layi, tana bin wanda ciwo ya kama. Akwai kuma asusun da dokar 2014 ta kafa, aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, don ƙananan asibitocin mazaɓu da marasa galihu. Mazaɓu 255 gare mu a jihar nan.

Inda adashen ke mutuwa shi ne halinmu. Mai lafiya ba ya shiga, yana cewa me zai sa in biya kuɗin ciwon da bai zo ba, wani ma ya ce kiran ciwo ne. Sai ciki ya kai wata takwas ko ƙoda ta fara kumbura ƙafa a zo neman fom. Asusun da duk masu zubi masu kwasa ne ba ya kai shekara. Shi ya sa Ghana da ta fara nata a 2003 ta ɗora kashi 2.5 cikin 100 a kan harajin kaya, kowa ya biya ko yana so ko ba ya so. Ruwanda kuma ta bi ƙauye ƙauye har mafi yawan mutanenta suka shiga. Mu kuwa a Abuja aka taru a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, kasafin tarayya bai taɓa kusantar wurin ba.

Nas mai ritaya, Unguwar Rimi:

Mai kemis, ɗana, littafin bashinka Allah Ya saka. Amma masu labulen nan da ka ambata a gurguje, mu ne muke karɓar abin da suka bari. Yaro an yi masa allura biyar a cinya, a kawo shi kwana shida da sanƙarau, wuya ya riga ya sandare. Uwar ba ta da yadda za ta gane wanda ya iya da wanda bai iya ba, duk farar riga ce a wurinta. Yadi in ya yi zuba ana gani a wankin farko a sauya shago. Wannan kuwa ba a dawowa a sauya.

Tela na Kasuwar Barci:

Na gode ƙwarai, Mama da sauran 'yan'uwa. Na karanta wa ƙanena duka. Ya ce har yanzu yana kan bakansa a kan gwaji da hoto da magani, amma da na tambaye shi nawa ya taya a daren nan, shi da ya zo ya same ni a bakin taga ina ƙirga kuɗi, sai ya yi dariya ya ce shi ma bai taya ba. Kawu kuwa ya ce mu duka 'yan zamani ne.

Ni yanzu ba ruwana da mai ginin. In na gwamnati ne, a samu likita biyu da dare maimakon ɗaya. In na kuɗi ne, a shiga da mace tukuna a yi lissafi daga baya. Abin da nake so shi ne in riƙa biya kaɗan kaɗan lokacin da keke ke juyawa, musamman azumi zuwa Sallah da aiki ke yi mana yawa, ba a tashe ni tsakar dare a ce in kawo na shekara guda a dunƙule ba.

Na kai maganar ƙungiyarmu ta teloli ranar Juma'a. Mu 40 ne da 'yan kai, na ce ko mu yi asusunmu, ko mu shiga na jiha a ƙungiyance. Wani dattijo ya tuna mana adashen da muka yi shekarun baya, wanda mai riƙon kuɗin ya tafi ganin gida har yau bai dawo ba. Aka yi shiru. Wani ya ce to in namu da muke salla sahu ɗaya ya yi haka, ina ga wanda ba mu taɓa gani ba? Aka tashi a kan mutum uku su je ofishin su ji da kunnensu, ni ne na ukun.

Malam na Malali, kafin mu je ka taimaka mini da abu biyu. Mahaifiyata tana da hawan jini, kullum cikin shan magani take, irin wadda ka ce tana karya adashe. Za su karɓe ta kuwa? Sannan in na yi rajista, zan iya zaɓar asibitin da ke kusa da gida, ko su ke zaɓar wa mutum?

Keken kuwa abokina ya sayar wa wani a layin bayanmu. Ya ce in na haɗa kuɗin kafin azumi zai yi mini magana. Yanzu haka da nake rubutun nan ina jin ƙararsa ta bango, kuma ko bai gaya mini ba na san bai sa masa mai ba.